FILIN MANOMA: WUƘAR ALJIHU, 'YAR JAMUS KO 'YAR SIN?

Tun da aka kammala dam ɗin Goronyo a kan gulbin Rima cikin 1984, manomin Rimawa bai san hutun rani ba. Ana gama girbin gero sai a faɗa fadama, ga albasa, ga tafarnuwa, ga shinkafa, haka abin ya ke har Wurno da Rabah. Cikin kayan aikin nan kuwa akwai wani ƙarami wanda ba a cika zancensa ba, watau wuƙar aljihu mai naɗewa. Da ita a ke yanke lawashi, a yanke igiyar ɗinkin buhu, a fere rogo, a yi wa mangwaro aure. Masunta ma ba su rabuwa da ita wajen gyaran koma.

To, in mutum ya tsaya gaban ɗan koli a kasuwar Goronyo ko ta Achida, tambayarsa ta fari ita ce, 'yar ina ce? In aka ce 'yar Jamus ce ko 'yar Ingila, sai ya ƙara kuɗi ba ciniki. In aka ce 'yar Sin ce, sai ya taɓe baki. Wannan al'ada tana da asali, gama a zamanin kantunan John Holt da U.A.C. kayan ƙarfe na kirki daga ƙasashen nan biyu su ke fitowa. Garin Sheffield na Ingila da garin Solingen na Jamus sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙirar wuƙaƙe, kamar yadda Maƙera Assada ta shahara a birnin Sakkwato.

Amma fa sunan ƙasa ba ya zama wuri guda. Cikin 1887 Ingila ta kafa doka, ta ce lalle a riƙa rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsu. Dalili kuwa shi ne, waɗansu maƙeran Jamus suna buga wa wuƙaƙensu alamun Sheffield, suna sayarwa da araha. Nufin Ingila a lokacin mutane su gane kayan Jamus su guje su, don ana ganin ba su da ƙarko. Ba a daɗe ba Jamusawa suka gyara aikinsu, rubutun da aka sa don a kunyata su ya zama abin da masu saye ke nema. Watau 'yar Jamus ɗin da a ke yabo yau, ita ce a ke rainawa a wancan zamani, kamar yadda a ke raina 'yar Sin yanzu.

Ga kuma labarin wuƙar nan da a ke kira Okapi, mai ƙotar itace da zobe a baya. An fara yinta a Solingen cikin 1902 musamman don kasuwannin Afirka. Cikin 1988 aka sayar da sunan duk da injunan, aka kwashe su zuwa Afirka ta Kudu. Saboda haka duk wanda ya ga sabuwar Okapi dal aka ce masa jiya ta zo daga Jamus, ya san an faɗa masa abin da ba shi ne ba. Sunan Solingen kansa, tun 1938 a ke da dokar tsare shi a Jamus, kuma ba a kafa wa suna doka sai in masu jabu sun dame shi. Buga haruffa a jikin ƙarfe aikin minti guda ne.

Ƙasar Sin kuwa, a garin Yangjiang a ke ƙera mafi yawan wuƙaƙenta, kuma can a ke yin na banza da na kirki duka. Har manyan kamfanonin Amurka suna ba da kwangilar ƙira a Sin, su buga sunansu. Abin da ke kawo marasa kyau kasuwannin ƙauye shi ne, ɗan kasuwan da ya yi oda ya nemi mafi araha, aka ba shi daidai kuɗinsa.

Abin da ke sa wuƙa ta yi kyau, kowane maƙeri ya san shi: irin ƙarfen, da kuma ban ruwa. Maƙerin da ke ƙera lauje da tsohon sifirin mota yana gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko mai, kana ya sake ɗumama shi kaɗan. In ruwan ya yi yawa baki ya riƙa ɓarewa, in ya kasa kuma ya lanƙwashe kamar gwangwani. Haka a ke yi a masana'antar Turai, sai dai su da ma'aunin zafi su ke aiki, shi kuwa da ido.

Ƙarfen iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, mai saurin ɗaukar kaifi a kowane dutsen washi, amma ruwan albasa na baƙanta shi, in an bar shi da laima ya yi tsatsa. Akwai kuma farin ƙarfe wanda ba ya saurin tsatsa, wanda wani Bature, Harry Brearley, ya gano a Sheffield cikin 1913, ta hanyar gauraya ƙarfe da kuromiyam wajen kashi 13 cikin 100. Masunci da mai aiki cikin ruwan shinkafa, farin ya fi musu. Mai auren itatuwa, wanda ke son kaifi kamar aska, ya ɗauki baƙin, ya riƙa goge shi yana shafa masa man gyaɗa.

Kafin a miƙa kuɗi, a buɗe wuƙar a girgiza bakin hagu da dama. In yana rawa, ƙusar da ta haɗa shi da ƙota ba ta kama ba, kuma ba za ta gyaru da aiki ba, sai dai ta ƙara saki. Sa'an nan a danna bayan bakin a jikin itace a ga ko makullin zai riƙe. Wannan shi ne babban gwaji, gama wuƙar da ke rufewa da kanta a kan yatsun mai ita ta ke rufewa, kuma manomin da ya ɗaure hannu a tsakiyar cirar albasa sai ya biya ɗan ƙwadago ya yi masa aikin da zai yi da kansa. A fere busasshen kara ko reshen bagaruwa sau goma, a duba bakin a hasken rana. In ya yi ƙyalli a tsini ko ya kwanta gefe, ban ruwan bai yi ba, ko da an rubuta sunan Sarkin Ingila a jiki.

Ɗan kolin da ya yarda da kayansa ba ya hana a gwada. Wanda ya ce kada a fitar da ita daga leda, sai a ba shi abarsa a matsa rumfa ta gaba.