Aikin Nas Wajen Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Jama'a, kun san ciwon nan da kan faɗa wa mutum farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Waɗansu kan ce iska ce ta buge shi. To, ba iska ba ce. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, hawan jini kuwa shi ne babban sanadi. Wannan ciwo na asibiti ne. A can, likita yakan duba ya wuce wurin wani, amma wadda za ta yini ta kwana a kan majinyacinku ita ce nas. Saboda haka ya kamata ku san ko ita wace ce.

Wace ce nas?

Ba duk mai farin tufa a asibiti ne nas ba. Nas, mace ko namiji, sai ta gama sakandare ta ci Turanci da lissafi da kimiyya. Daga nan ta yi aƙalla shekara 3 a makarantar koyon jinya, ko shekara 5 a jami'a. Sa'an nan ta ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, a sa sunanta a rajista, a ba ta lasisi. Waɗansu kan koma su ƙara shekara ɗaya ko fiye, su koyi taimakon gaggawa ko jinyar waɗanda ciwo ya yi wa tsanani.

A waɗansu ƙasashe akwai matsayi gaba da wannan. A Amurka an fara shi a Jami'ar Kolorado cikin 1965. Yau irin wannan nas sai ta yi digiri na biyu, kuma tana duba majinyaci da kanta, ta sa a ɗauki hoto, ta rubuta magani. A asibitocinmu kuwa, likita ne ke yanke maganin wannan ciwo, nas ke bayarwa, ita ke tsaron majinyaci.

Me take yi?

1. Tana tambayar lokacin da ciwon ya fara. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai cikin sa'a 4 da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an ga ba fashewa ba ce. Manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, su ke ɗaukar wannan hoto.

2. Tana awon hawan jini, da sukari, da zafin jiki, da numfashi. Sukari in ya yi ƙasa ƙwarai yakan yi kama da shanyewar jiki. Zazzaɓi kuwa yana ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni.

3. Tana gwada haɗiyarsa kafin a ba shi kome. Ciwon yakan kashe maƙogwaro, ruwa ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu. Wannan ya kashe mutane da yawa. In ba ya iya haɗiya, sai a sa masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci.

4. Tana juya shi bayan kowace sa'a 2, don kada kwanciya ta huda masa baya da ɗuwawu.

5. Tana lura da shi dare da rana. In barci ya yi masa nauyi ko ya fara amai, nan da nan za ta kira likita.

Naku aikin

Kai maigida, ke uwargida, da kun ga alamun nan, ku nemi mota ko keke napep, kada ku jira gari ya waye. Ku riƙe lokacin da abin ya fara. Ku kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada ku ɗura masa ruwa, ko koko, ko jiƙo, ko rubutu. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga. Ku yi masa addu'a kuna tafe. Ku ɗauki duk magungunan da yake sha ku nuna wa nas.

In nas ta ce kada a ba shi fura, ba mugunta ba ce, ransa take tsarewa. Kafin a sallame ku, ku roƙe ta ta koya muku yadda ake juya shi, da zaunar da shi in zai ci abinci, da motsa masa gaɓoɓi. In za ku ɗaga shi, kada ku ja hannun da ya mutu, kafaɗar tana iya gocewa. Maganin hawan jini kuwa kada a bari don an ga sauƙi, gama ciwon yakan dawo.

Ku kuma da ke da lafiya, ku je a auna muku jini. Rigakafi ya fi magani.