Kowane Kifi Da Kotonsa

Waɗansu 'yan ƙungiya da ke zaune wajen Ƙofar Guga a birnin Katsina sun kawo mana kuka. Sun ce sun sayi ƙugiya da zaren nailan, sun yini bakin kududdufi, sun koma gida hannu banza, ga shi kuwa suna ganin kifi yana motsi a ruwan. Da muka tambaye su abin da suke sa wa ƙugiyar, sai suka ce tuwo, safe da yamma, ko wane irin kifi suke nema. To, nan kuskuren yake. Nama ya yi tsada, yaranmu kuwa suna bukatar abincin gina jiki, saboda haka bai kamata mai fatsa ya ɓata yini guda a banza ba.

Kududdufan birni ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya cika su. Ruwansu yana da laka, ba ya gudu. Kifin da ya fi jure irin wannan ruwa shi ne tarwaɗa, gama tana iya ɗagowa ta shaƙi iska a sama. Tarwaɗa ba ta dogara ga ido. Da gashin bakinta take lalube a ƙasan ruwa, tana bin wari. Don haka a ba ta abu mai wari: hanjin kaza, tana, ɗan kwaɗo, ko guntun kifin da ya kwana. A ɗaura ɗan noti ko ɗan dutse kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya domin koton ya sauka ƙasa ya zauna. Lokacinta daga faɗuwar rana ne zuwa asuba, ko bayan an ɗauke ruwan sama, sa'ad da sabon ruwa yake kwararowa da ƙwari. In kun ji ta taɓa, kada ku fizge nan da nan. Ku bari ta tafi da zaren tukuna. In ta fito, ku lura da ƙayar da ke gefen kanta, tana suka da zafi.

Karfasa dabam take. Bakinta ƙarami ne, da rana take kiwo, a bakin gaɓa inda ciyawa take. Babbar ƙugiya ba ta kama ta ko kusa. A nan mutane da yawa suke ruɗewa a kasuwa: yawan lambar ƙugiya, ƙanƙantarta. Lamba 12 ta fi lamba 4 ƙanƙanta ƙwarai, ita ce kuwa ta karfasa. A sa mata gara, ko guntun tana, ko ɗan curin dusa da aka kwaɓa da ƙuli-ƙuli. A ɗaura busasshen kara a jikin zaren ya riƙe koton a tsakiyar ruwa. In karan ya nutse, a ɗaga. Mun ga amfanin watsa dusa a wuri ɗaya kwana uku a jere kafin a fara fatsa, domin kifi ya saba da wurin.

Kifi ba ya zama a fili. Ku neme shi gindin kututture, ƙarƙashin inuwar itace, da bakin magudana. Waɗanda ke zuwa madatsar ruwa ta Ajiwa, wadda aka buɗe a 1975, ko ta Zobe kusa da Dutsin-ma, su gwada inda masunta suke ɗaure jiragensu. Akwai inuwa a wurin, kuma a nan ake wanke kifi ana zubar da hanji. Amma fa a gai da sarkin ruwa a nemi izini tukuna. Da sanyin hunturu kifi yana rage ci, sai a bari rana ta ɗumama ruwa.

An kuma tambaye mu batun koton ƙarya, watau ɗan kifin roba ko na ƙarfe mai ƙyalli. A Amurka da shi suke kamun wani kifi mai farauta da suke kira bas. Namu mai irin wannan hali shi ne giwar ruwa, da kuma tsage. Su da ido suke farauta, suna bin abin da ke gudu. Ana iya yin koton a gida: a yanke mariƙin tsohon cokali, a huda shi baki biyu, a sa ƙugiya a ɗaya, zare a ɗaya, a jefa nesa a riƙa janyowa a hankali yana walƙiya. Sai dai giwar ruwa kifin babban ruwa ne, kamar tafkin Kainji. Wanda ya kashe kuɗinsa kan irin wannan koto domin kududdufin unguwa ya yi asara.

Ba kowane kududdufi ne za a ci kifinsa ba. Wanda ruwan kwata da na masai suke zuba a ciki, a bar shi. Kada yara su shiga ruwa don ciro ƙugiyar da ta sarƙe. Ramin gini yana da zurfi ba zato, kuma a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya. Ƙugiya ba ta kai ran yaro ba, a yanke zaren. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.

Zuba guba a ruwa, irin su Gamalin, laifi ne a dokar kamun kifi ta 1992, haka kuma nakiya. Guba tana kashe manya da 'ya'ya, ta shiga cikin wanda ya ci da dabbar da ta sha. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta zauna ta yanke girman tarwaɗar da za a mayar ruwa, misali duk wadda ba ta kai taƙi ɗaya ba, a rubuta a littafin ƙungiya. Karfasa kuwa haihuwa gare ta, in ta cunkushe a ƙaramin ruwa ba ta girma, don haka ƙananan nata a kwashe a kai tukunya.