Renon furanni a cikin ɗaki da gyaran gidaje don kare muhalli a Jamus

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa Afrilu, akan ga ƙananan tukwane jere a bakin tagogin gidaje a ƙasar Jamus. Masu sha'awar lambu ne ke renon irin furanni a cikin ɗaki, kamar dai yadda manomin rani kan yi renon albasa ko tumatir kafin lokacin dashe.

Dalilin hakan shi ne sanyi. Raɓa mai daskarewa kan iya kashe ɗanyen tsiro a dare guda, kuma ba a fita daga wannan haɗari sai tsakiyar watan Mayu. Jamusawa na kiran ranakun 11 zuwa 15 ga watan da sunan waliyyan ƙanƙara, kuma a al'adance sai sun wuce ake dasa furanni marasa jure sanyi a fili. Wanda ya jira har lokacin kafin ya shuka irinsu ya yi asarar makonni shida zuwa takwas a ƙasar da kwanakin ɗumi ba su da yawa.

Yawancin irin furanni na tsirowa ne a ɗumin da ya kai digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos. Ana amfani da ƙasa mai ƙarancin taki, domin saiwa ta bazu wajen neman abinci. Wasu ire-iren, kamar na furen petuniya, ba a binne su, saboda sai da haske suke tsirowa. Idan ɗumi ya yi yawa kuma haske ya yi kaɗan, tsiron kan yi tsawo ya sirance har ya kwanta. Kafin dashe, akan riƙa fitar da tukwanen waje da rana na kimanin mako guda domin su saba da iska.

Sai dai ƙasar da ake zubawa a tukwanen ta zama abin muhawara. Shekaru da dama ana haɗa ta da wani ruɓaɓɓen tsiro da ake haƙowa daga dausayi, wanda Jamusawa ke kira Torf. Irin wannan dausayi bai wuce kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma sinadarin kabon da yake riƙe da shi ya zarce na dukkan dazuzzukan duniya. Da zarar an janye ruwansa, sai kabon ɗin ya fita a matsayin iskar da ke ɗumama yanayi. A Jamus an busar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan dausayi, akasari domin noma. Shi ya sa masu lambu da yawa suka koma ga ƙasar da aka haɗa da takin gida, ɓawon itace da zaren kwakwa.

Batun ya wuce tukunyar fure. Fiye da kashi biyu cikin uku na makamashin da gidajen Jamus ke amfani da shi na tafiya ne wajen ɗumama ɗakuna. A shekarar 1991 aka kammala wani gida a birnin Darmstadt bisa tsarin masanin kimiyya Wolfgang Feist, mai bango mai kauri da tagogi masu gilashi ruɓi uku, wanda kusan ba ya buƙatar na'urar ɗumama. Tsadar iskar gas da ta biyo bayan mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a shekarar 2022 ta sa jama'a suka ƙara dukufa wajen toshe kafofin iska da sauya tsofaffin tagogi.

Fiye da rabin mazauna ƙasar 'yan haya ne, waɗanda ba su da ikon taɓa bango ko rufi. Su kuma sun karkata ga ƙananan faranta masu samar da lantarki daga hasken rana, da ake rataya wa a baranda. A shekarar 2024 doka ta ɗaga ƙarfin da aka amince musu zuwa wat 800, ta kuma hana mai gida ƙin amincewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Zuwa tsakiyar shekarar 2025, adadin waɗanda aka yi wa rajista ya haura miliyan ɗaya.