Ruwan gonakin Hasahisa: me ya sa sai Sudan ta daidaita da maƙwabtanta?

Manoman Hasahisa da ƙauyukan Hausawa na Jazira suna noman auduga, dawa, alkama da gyaɗa da ruwan rani. Ruwan yana zuwa ne ta magudanan da suka taso daga madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925 a kan Nil Azrak, reshen kogin Nilu mai gangarowa daga Habasha.

A 1959 Masar da Sudan suka raba ruwan Nilu tsakaninsu: Masar cubic mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5. Ba a sa Habasha a ciki ba, ita ma ba ta amince da rabon ba. A 2011 ta soma gina babbar madatsarta kusa da iyakar Sudan, ta buɗe ta a Satumban 2025.

Madatsar tana iya rage ambaliya, ta ba Sudan lantarki mai rahusa. Amma in ba a sanar da Sudan yawan ruwan da za a riƙe ko a saki ba, shuka ce ke shan wahala. Ƙasashen uku sun sa hannu kan wasu ƙa'idoji a Khartoum a 2015, sai dai tattaunawar da ta biyo baya ta cije, sannan yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023.

Kogin Kwara yana da hukuma guda ta ƙasashe tara, mai mazauni a Yamai. Irin wannan zama manomin Jazira yake buƙata, domin ya san ruwan da zai samu kafin ya yi shuka.