Ɗaliban Lafiya da Ke Sallama a Ƙofar Gida

Duk shekara makarantun koyon aikin lafiya na Kano da Katsina da Sakkwato da sauran jihohi sukan tura ɗalibansu ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka domin sanin makamar aiki. Wasu kan kira su likita, wasu kuma su ce 'yan koyo ne, kada su taɓa musu yaro. Kowanne bai fahimci aikin ba. Abin da ake koya wa ɗalibin nan shi ne tare cuta tun ba ta shiga gari ba.

Da sassafe firiji yake fara dubawa. Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma safe da yamma sai an rubuta abin da ma'auni ya nuna. A jikin kwalbar allurar akwai ɗan tambari da zafi ke sa shi yin duhu. In ya kai wani mataki, maganin ya tashi daga aiki. Allurar ƙyanda kuwa, da zarar an haɗa ta, awa 6 ne wa'adinta, ko an yi wa yara ko ba a yi ba.

Ranar awo benci kan cika da mata da goyo. A nan ɗalibi ke haddace jadawali: allurar Penta a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda a wata na 9. Yakan zagaya wa damtsen yaro ma'auni mai launi uku, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani ke nan.

Sai rajista, wadda ɗalibai suka fi ƙi, alhali ita ce ƙashin bayan aikin. Ita ke tona yaron da ya karɓi allurar farko bai dawo ba. Shi za a bi har gida, galibi a ƙafa cikin rana, kuma kuɗin motar zuwa aiki ma daga aljihun iyayen ɗalibin yake fitowa. Gidan da ba a shiga, sai 'yan mata ɗalibai. Amsar da aka fi ji ita ce, "Maigida bai yarda ba." Bai kamata a yi saurin kiran wannan jahilci ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma a 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a jihar saboda zargi. Ɗalibi mai wayo ba ya gardama a zaure. Wurin mai unguwa yake nufa, ko liman, ko ungozomar da ta yanke wa yaron cibiya.

Da irin wannan naci aka kai ga 25 ga Agustan 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Sakaci kuma shi ya dawo mana da mashaƙo a Kano a 2022 da 2023, cutar da rigakafinta ke cikin Penta ɗin nan da ake yi kyauta.

Don haka in ɗaliban nan sun yi sallama, malam, a ba su tabarma, a ɗauko katin rigakafin yaro su duba.