Jinyar Mai Shaye-shaye Ba Tare da An Raba Shi da Gida Ba

Mafi yawan iyayen da Allah ya jarrabe su da ɗa ko 'ya mai shaye-shaye, idan al'amarin ya kai musu iya wuya, ba sa hangen mafita sai a kai shi gidan mari a ɗaure, ko a kwantar da shi a asibiti har illa masha Allahu. Alhali kuwa akwai hanyar da likitoci suka daɗe da saninta, wato mutum ya riƙa zuwa asibiti a ranakun da aka yanka masa, ya karɓi magani da nasiha, sa'an nan ya komo ya kwana a ɗakinsa, gari ya waye ya fita sana'arsa. Tun a shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya aza harsashin irin wannan a Aro, kusa da Abekuta, inda ya saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana a duba su, da dare su kwana cikin jama'a.

Larura ma ta wajabta haka, domin binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekara guda, ɗaya cikin biyar abin ya zame masa ciwo, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. Ina gadajen da za su ɗauki wannan taro? Ita mace kuwa, wadda danginta za su gwammace ta lalace a ɗaka da a ji an kwantar da ita, wannan hanya ta fi rufa mata asiri.

Amma mas'alar da ta fi cancantar tadabburi ita ce, sau da yawa shaye-shayen ba shi kaɗai yake tafe ba. Wata baƙin cikin aure ne ya hana ta barci har ta kama kwalbar kodin. Wani abin da idonsa ya gani a rikicin Barno ne yake dawo masa kowane dare, ya nemi taramadol ya danne shi. Wani kuma wiwi ce ta tayar masa da taɓin hankalin da ke kwance, har ya soma jin muryoyin da babu mai yin su. Galibi da wuya a tantance wanne ya riga wanne, shi ya sa masana suka tafi a kan a yi maganin duka biyun lokaci guda, a hannun ma'aikata guda, gama wanda aka raba da ƙwaya aka bar masa damuwarsa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A ganina nan ne gidan mari ya gaza tun daga tushe, ko da an kau da kai daga azabar da aka gani a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina.

Sai dai wannan jinya tana da sharuɗɗa. Maganin ciwon damuwa ba ya nuna amfaninsa sai bayan makonni, saboda haka kada a yar da shi don an sha kwana uku ba a ga sauyi ba. Wanda jikinsa ya saba da barasa ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, kada a yanke masa su rana ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga halaka; likita ne zai rage masa sannu a hankali. In kuwa ya zame ya sake sha, wannan ɗabi'ar ciwon ce, a mayar da shi ga likita a faɗi gaskiya. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana neman magani, tun da fuƙaha'u sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su.

Wanda yake ambaton kashe kansa, ko yake barazana ga mutanen gida, ko ya taɓa jijjiga, ko ba shi da mai kula da shi, wannan kam kwanciyar asibiti ce ta dace da shi, a gaggauta. Sauran kuwa ana duba su a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Ranar zuwan farko, a tafi da mutum ɗaya wanda mara lafiyar ya amince da shi, a kuma riƙe kwalin ko kwalbar abin da yake sha, domin likita ya san ainihin abin da adadinsa.