Sabunta Katin Shaidar Ɗan Ƙasa: Yaya Makaho Zai San Lokaci Ya Yi?

A shekara ta 2007 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da shaidar 'yan ƙasa, wadda aka fi sani da NIMC, ta ɗora mata aikin yi wa jama'a rajista da ba kowa lamba tasa ta kansa. Lambar nan, watau NIN, alƙaluma 11 ce, kuma mutum ɗaya lamba ɗaya har ya koma ga Mahaliccinsa. Daga baya, ran 28 ga Agusta, 2014, shekara ɗari da wata bakwai da haɗe ƙasar nan a 1914, Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ƙaddamar da katin roba mai ƙwayar na'ura a jikinsa. To, a nan ne mutane da yawa suka ruɗe. Lamba ba ta mutuwa, amma kati yana da wa'adi. Katunan da aka fara rabawa na shekara 5 ne, saboda haka tun 2019 na farkon suka soma ƙarewa.

Ranar da kati zai daina aiki an buga ta a jikinsa da ƙananan alƙaluma. Mai ido in ya duba ya gani. Makaho kuwa, kati mai rai da mataccen kati duk ɗaya ne a hannunsa.

BA MUTANE KAƊAN BA NE

Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa, cikin waɗanda suka kai shekara 40 ko fiye, wajen mutum 4 cikin 100 makafi ne, jimlarsu ta haura miliyan ɗaya. A Arewa maso Gabas abin ya fi tsanani, gama ya kai wajen 6 cikin 100. Babban sanadi shi ne yanar ido, wadda ta fi kama tsofaffi.

A ɗauki misalin wani dattijo a unguwar Alkalawa, cikin garin Jimeta ta Jihar Adamawa. Da idonsa ya yi rajista, da idonsa ya karɓi kati, daga baya gani ya ɗauke. Ya adana katin cikin aljihu yana ganin ya gama da wannan sha'ani. Ran da ɗansa ya aiko masa da kuɗi, ya nemi ɗan jagora, suka biya Keke Napep na mutum biyu cikin zafin ranar Yola, suka isa banki. Sai a gaban akawu zai ji cewa katin ya ƙare tun bara waccan. Ba sakaci ya yi ba, kuma ba taurin kai ba ne. Sanarwar ce ba ta zo masa ta hanyar da zai iya karɓarta ba.

Ga shi kuwa shaidar ɗan ƙasa ta zama mabuɗin al'amura da yawa. Tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN. Ana neman ta wajen yin fasfo da hulɗa da banki, kuma tun 2021 ɗalibi ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da ita.

TA INA SANARWA KE ZUWA?

Galibin sanarwar ofisoshi don ido aka shirya ta: takarda manne a bango, shafin jarida, ko rubutaccen saƙo a waya. Gaskiya ne manyan wayoyin zamani suna karanta wa mutum rubutu da murya, kamar TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone, kuma matasan makafi masu ilmi sun ƙware da su ƙwarai. Amma dattijon Alkalawa ƙaramar waya ce da shi, kira kaɗai yake amsawa.

Wani zai ce a buga da rubutun makafi mana, wanda Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙago da ɗigo shida. Lalle yana da amfani. Ana koyar da shi a Nijeriya tun da daɗewa, gama makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato an buɗe ta tun 1953, kuma Hukumar Zaɓe ta yi amfani da shi a babban zaɓen 2019 don makaho ya jefa ƙuri'arsa ba tare da an riƙe masa hannu ba. Sai dai wanda makanta ta same shi da furfura da wuya a ce ya koyi wannan rubutu. Hanyar da ta isa ga kowa ita ce ta kunne. A Yola akwai gidan rediyon jiha na ABC, akwai Fombina FM na Tarayya, ana kuwa sauraronsu da Hausa da Fillanci. Akwai masallatan Juma'a da majami'u, akwai Mai Unguwa, akwai Sarkin Makafi wanda ya san jama'arsa gida gida. Sanarwar da ba ta bi ta waɗannan ba, a ƙaddara ba ta kai ga makaho ba.

ABIN DA DOKA TA CE

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ce a wurin layi a fara sallamar naƙasasshe, in da hali ma a biya masa bukata ba tare da ya shiga layi ba. Wanda ya nuna bambanci ana iya cin sa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. Wa'adin shekara 5 da aka ba gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shigarsu ya cika tun Janairu na 2024. An kuma kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a 2020, inda ake iya kai kuka. Saboda haka ma'aikacin da ya shigo da makaho gaba, ya karanta masa abin da aka rubuta a kansa kafin ya dangwala yatsa, ba alfarma ya yi ba, aikinsa ne.

ABIN DA YA KAMATA A YI A GIDA

Tun yau, kada a jira ranar bukata, makaho ya sa amintaccen mutum ya karanta masa wata da shekarar da katinsa zai ƙare. A lura, abin da aka buga a kati shi ne abin bi, ba ranar da aka karɓo shi ba, domin katuna da yawa sun daɗe a ofis kafin masu su su zo. In an ji ranar, sai a ɗauke ta da murya a waya, a kuma ɗaura ta da lokacin da ba a mantawa, kamar farkon damina ko Sallar wannan shekara. A ajiye katin cikin 'yar jaka ta dabam mai ƙulli, don a bambanta shi da na banki da na zaɓe, shi na zaɓe ba shi da wa'adi. Kada a huda shi ko a datse gefensa don alama.

Maganar amintaccen mutum kuwa ba wasa ba ce. Makaho ba shi da damar ɓoye lambarsa ga mai karanta masa, 'yan damfara kuma sun san haka. Kada a miƙa kati ga wanda aka tarar a bakin ƙofa yana cewa shi zai taimaka. Wanda ya bugo waya ya ce katinka ya ƙare, ka faɗa masa lambar sirrin banki ya gyara maka, ɓarawo ne.

Wanda katinsa ya ƙare ko ya ɓace kada ya sake sabuwar rajista, laifi ne a doka, lambarsa tana nan. In ya manta ta, sai a danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire 'yan kuɗi kaɗan a nuna ta. Takardar da aka ba shi ran rajista ita ma tana ɗauke da lambar, a adana ta wurin da ruwa da gara ba sa kaiwa. Rajistar farko kyauta ce, sabuntawa da sake kati ne ake biya. Kuɗin yakan canza, saboda haka a tambaya a cibiyar NIMC mafi kusa kafin a ɗauko dattijo daga gida, in an biya kuma a karɓi rasit.